Kito: fashin da wanda aka yi wa ke roƙon a yi shiru

Watannin baya wani yaro da muke layi ɗaya da shi a kara ya ɓace kwana biyu. Yaro dai don haka ake ce wa mai yi wa wani aiki, amma ya ba shekara 25 baya. Aikinsa bin kuɗi. Wanda ya san harkar shanu a Legas ya san yadda take tafiya: mahauci ya ɗauki sa da safe ya ba da wani abu, sai ya yanka ya sayar, da yamma ko washegari yaron maigida ya bi shi ya karɓo ciko. Tun wahalar tsabar kuɗi ta farkon 2023 yawancin cikon nan taransfa ake yi, kuma sau da yawa asusun yaron ake turawa, shi ya tara ya miƙa wa Alhaji. Ranar da ya ɓace akwai kuɗin shanu biyu da 'yan kai a wayarsa.

Ya dawo fuska a kumbure, yana ɗingishi, ya ce motar 'yan wan-cans ya shiga. Kowa ya yi masa jaje. Alhajinsa ya ce ƙaddara ce, tunda an tsira da rai alhamdu lillahi. Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai. Da aka ce a tashi a kai rahoto, a kuma garzaya banki tun kuɗin bai yi nisa ba, sai ya ƙi, har da hawaye. Ana ce wa mutum zo mu bi maka haƙƙinka, shi kuma yana cewa don Allah don Annabi a bar maganar.

Sai da aka yi mako uku ya same ni bayan sallar isha'i yana neman rance. Na ce rancen me, kai da ake tausaya wa? Nan ya fasa ƙwai. Babu wata motar wan-cans. Wani namiji ne suka haɗu da shi a manhajar da maza masu neman maza ke hira, suka yi kusan wata guda suna magana, ya gayyace shi ɗakinsa a wata unguwa can bayan gari. Yana shiga wasu uku suka biyo baya suka rufe ƙofa. Yanzu kuma sun sake kira, sun ce ko ya ƙaro kuɗi ko bidiyon da suka ɗauka ya isa wayar yayansa. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, na kuma sauya abubuwan da za su sa a gane shi, don haka kada wani ya wahalar da kansa da lissafin yaron wane ne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwa bakina shi ne, ai kai ka ja wa kanka. Ban faɗa ba, amma ya gani a fuskata. Na yi allo na yi Islamiyya, na san hukuncin wannan aiki a addininmu, kuma ban zauna rubutu don in yi jayayya da malamai ba. Mai neman wa'azi a kai, masallatan Juma'a sun wadatar. Abin da ya hana ni barci daban ne. Kuɗin wani dattijo da bai san hawa ba bai san sauka ba sun tafi. Ƙarti huɗu sun tsare ɗan'uwanmu kwana biyu suna jibgarsa. Lambar asusun da kuɗin suka shiga tana nan ɓaro-ɓaro. Amma har yau ba wanda ya taka ƙafa ya je ya ce an yi laifi, kuma su ɓarayin sun san haka za a yi tun kafin su rufe ƙofar.

Abin yana da suna a nan Kudu. Kito ake ce masa. Idan ka ji an ce an yi wa wane kito, ana nufin an yaudare shi ta waya da sunan soyayyar jinsi ɗaya, ya je, aka rutsa shi, aka yashe shi, aka ɗauke shi bidiyo don a riƙa juya shi. A watan Mayun 2023 sashen bincike na BBC Africa Eye ya fitar da rahoton bidiyo a kan wannan ta'asa a Najeriya, inda waɗanda abin ya faɗa wa suka ba da labarin duka da azabtarwa, da yadda aka watsa hotunansu a intanet har rayuwarsu ta wargaje. Ƙungiyar TIERs da ke Legas, wadda ke tattara ƙorafin irin waɗannan mutane duk shekara, ta daɗe tana lissafa ƙwacen kuɗi da barazanar tona asiri cikin abubuwan da ake yawan kawo mata. Mu ne dai ba ma maganar, sai muka ɗauka abin na wasu ne.

Ga waɗanda ba su san yadda manhajojin suke ba, bari in ɗan yi bayani, don iyayenmu da yawa suna ganin waya kira da amsawa ce da sauraren karatu. Wadda aka fi sani tsakanin maza ita ce Grindr, an ƙirƙiro ta a Amurka a 2009. Tana amfani da na'urar nuna wuri da ke cikin waya, ta jero maka waɗanda ke kusa da kai, ta ce wannan yana nesa da kai da mita kaza, wancan kilomita kaza. Ba ta tambayarka shaidar cewa sunan da ka sa naka ne, ko hoton naka ne. Akwai Tinder, akwai Facebook da WhatsApp da Telegram, kafin su kuma waɗanda suka tashi da ƙananan wayoyi za su tuna 2go. Galibin masu shiga hira suke nema da wanda zai fahimce su, wasu soyayya, wasu abin da ya wuce nan. Cikinsu ne mai farauta yake shigewa.

Kuma yana da haƙuri. Ba ya gaggawa. Zai yi makonni yana tambayarka lafiya, ka ci abinci, ya aiki. Cikin hira zai gano sana'arka, ko kana da aure, waye mahaifinka, wane gari ka fito. Kai kana ganin kulawa ce, shi kuwa kiyasin farashinka yake yi, kamar yadda mai saye ke zagaya sa yana taɓa ƙugu da tozo. Ranar haɗuwa zai ƙi fitowa fili, ya ce ka zo wajensa. Ka iso tasha ya ce ya ɗan fita, ƙaninsa zai zo ya shigo da kai. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a labaran da aka ji: a tuɓe mutum, a yi masa duka, a sa shi ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu da wurin aikinsa a gaban kyamara, ya amsa laifi da bakinsa. A buɗe wayarsa da yatsansa a kwashe abin da ke asusu. Wani lokaci har a ci bashi da sunansa a manhajojin ba da rance, a bar shi da biya. Sannan a shiga lambobin 'yan'uwa a fara kira.

Ni ɗan kara ne, da idon kara nake ganin abu. A kara baƙo ba ya sayen dabba kai tsaye daga hannun wanda bai sani ba. Akwai dillali, akwai maigidan da ya sauki bafatake, akwai shaidu, akwai shugabanni. La'adar da ake ba dillali ba ta surutun ciniki kaɗai ba ce, ta tsayawa ce: in saniyar ta zama ta sata, an san wuyan wanda za a kama. Kakanninmu da suka kafa Sabo a Badun da Zango a Agege da haka suka yi kasuwancin dubban shanu da goro a ƙasar da ba tasu ba, ba takarda ba lauya, sai dai wane ya san wane. To manhajar nan kasuwa ce da babu dillali, babu shaida, kuma mai shigarta ya riga ya yanke cewa ko kusa kada wani nasa ya san ya je. Ɓarawo ba zai taɓa samun wurin da ya fi wannan daɗi ba.

Wani zai ce to me ya kai su? Amsar da na samu daga bakin yaron nan gajera ce: ina kake so in je? A unguwarmu in ka yi tari an san kai ne. Ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida. Wanda ke ɗauke da irin wannan abu a ransa ba shi da wanda zai faɗa wa, ba aboki ba malami. Waya ce kaɗai ɗakin da yake da makulli. Ban ce wannan hujja ce ba, na ce haka abin yake. Kuma tunda doka ta rufe duk wani wurin haɗuwa na fili, sai kowa ya koma cikin waya, mai nema da mai farautarsa.

Mu duba dokar da kyau, don da yawa muna ambatonta ba mu san abin da ke ciki ba. Majalisar Tarayya ta zartar da dokar hana auren jinsi a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Janairun 2014. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya shiga ƙungiya ko kulob na masu wannan ɗabi'a, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a, da shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya shaida ko ya taimaka. Tun kafin ita ma akwai tsohuwar dokar laifuka ta zamanin Turawa da mafi yawan jihohin Kudu ke aiki da ita, wadda sashe na 214 nata ya sa shekara 14 a kan aikin kansa. A Arewa kuma ga jihohi 12 masu shari'ar Musulunci. Dokar 2014 ba ta ambaci manhaja ko hirar waya ba. Amma wa zai tsaya karanta sashe-sashe alhali ƙato yana tsaye kansa da bel yana ce masa shekara 14?

Abin mamaki shi ne yadda dokar take aiki a zahiri. A watan Agustan 2018 'yan sanda suka kai samame wani otal a Egbeda da ke Legas suka kama maza 57, aka jera su gaban 'yan jarida, fuskokinsu suka zaga ƙasar nan. An gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya ta Legas. Aka yi ta ɗage zama saboda masu gabatar da ƙara ba su kawo shaidu ba, har a watan Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda rashin bibiya. Ba a sami ko ɗaya da laifi ba. Amma shekara biyu sun wuce, kuma kyamara ta riga ta yanke musu nata hukuncin: wasu sun rasa aiki, wasu an kore su daga gidan haya, wasu danginsu sun juya musu baya. A watan Agustan 2023 an sake irin wannan a Ekpan kusa da Warri a jihar Delta, aka tsare mutum fiye da 60. Bayan wata biyu jami'an Sibil Difens suka kama 76 a Gombe. Kullum tsarin ɗaya ne, kame da holin mutane gaban kyamara, sannan labari ya mutu.

Ɓarayi ba wawaye ba ne, suna kallon labarai kamar kowa. Darasin da suka ɗauka shi ne ba sai an je kotu ba, nuna fuska kaɗai ya isa ya gama da mutum. To in haka ne, duk mai waya da kyamara ya zama alƙali, kuma yana iya sayar da hukuncinsa. Tun a 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa bayan zuwan dokar ƙwace da cin zarafi sun ƙaru, har daga wasu masu kaki. Mu da muke Kudu ba sai an ba mu labarin binciken waya a bakin titi ba. Yana cikin abubuwan da suka tunzura zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, kuma a watan ne Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya fito ya haramta wa jami'ai bincika wayoyin mutane ba bisa ƙa'ida ba. Wanda aka yi wa kito yana tsoron in ya shiga ofis da ƙafarsa a matsayin mai ƙara, abu na farko da za a ce shi ne kawo wayarka, daga nan ya koma wanda ake tuhuma, ya sake biyan wani kuɗin.

Wurin da abin ya fi ba ni takaici ke nan, domin wannan fashi ne mai sauƙin bi. Ɗan fashin daji yana karɓar kuɗi a buhu. Ɗan kito taransfa yake karɓa. Tun 2014 aka shigo da BVN. Tun ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN. A Disambar 2023 Babban Banki ya ce ko ƙananan asusu na manhajojin kuɗi sai an haɗa su da BVN ko NIN. Ko ta hannun mai POS aka fitar da kuɗin, shi ma yana da suna da rumfa da wurin zama. Dokokin hukunci kuma suna nan. A Legas, dokar hana garkuwa da mutane da Gwamna Ambode ya sa wa hannu a 2017 ta tanadi ɗaurin rai da rai, in wanda aka tsare ya mutu kuma kisa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta hukunta wanda ya yi amfani da waya ko kwamfuta ya yi wa wani barazanar ɓata suna don ya karɓi kuɗi. Babu inda waɗannan dokoki suka ce sai in wanda aka tsare mutumin kirki ne. Duk kayan aiki sun haɗu, mai ƙara ne babu.

Ku kwatanta da wannan. A Satumbar 2024 wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowanne. Sun yi shigar mace a Instagram, suka yaudari wani matashi ɗan shekara 17 ya turo hoton tsiraici, suka matsa masa da barazana har ya kashe kansa. Iyayensa ba su ɓoye ba, suka fito suka yi magana, aka bi sawun saƙonnin har Legas, aka miƙa su Amurka. A Yulin shekarar kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da irin wannan damfara. Sana'ar ɗaya ce, cinikin kunyar mutum. Bambancin kawai can an sami wanda ya buɗe baki.

Me ya sa nake ganin namu sun fi shiga haɗari? Na farko mu baƙi ne. Matashin da ya zo ci-rani daga Sakkwato ko Azare bai san lungunan Legas ko Fatakwal ba, Turancinsa na ciniki ne, Yarabanci ko Ibo sai 'yan kalmomi. In aka ce masa sauka a tasha kaza, bai san ko unguwar mutane ce ko ta 'yan daba ba. Na biyu, kuɗin da ke hannunsa sau da yawa ba nasa ba ne: na shanu, na albasa, na canji, na adashin 'yan ɗaki. Na uku, kuma shi ne babba, asirinmu a dunƙule yake. Bayarabe ɗan Legas in abu ya fashe yana iya komawa wata unguwa ya ɓace cikin mutane miliyoyi. Namu fa? Daga Agege zuwa Mile 12 zuwa Shagamu zuwa Lokpanta duk tsintsiya ɗaya ce, tirelar da ta sauke shanu yau ita za ta koma da labari gobe, WhatsApp kuma ya riga tirela isa. Bidiyo ɗaya ya isa ya hana ƙannensa mata aure a ƙauye. Ɗan kito ya gane cewa Bahaushe zai sayar da babur ɗinsa da gonar gado kafin ya yarda a kira sunan mahaifinsa a irin wannan magana.

Kada kuma mu manta wasu daga cikin mutanen nan magidanta ne. Matar da aka bari a gida ko ake tare da ita a nan, ita ce za ta ga ɗan kunnenta na zinari ya tafi ba bayani, ita ce za ta ga miji ya rame yana firgita in waya ta yi ƙara. Akwai kuma maganar lafiya. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya nuna tsoron zuwa asibiti ya ƙaru tsakanin irin waɗannan maza bayan an sa hannu a dokar. Wanda ke tsoron gwaji ba kansa kaɗai yake cutarwa ba, yana da iyali.

Ɓangaren mata ya fi shiga duhu. Asusun da ke ɗauke da hoton mace yana hira da mace, sau da yawa namiji ne a bayansa, ko mace ce da aka sa gaba maza na jira. In tarkon ya kama, bayan kuɗi akan haɗa da fyaɗe, har mai yin ya riƙa cewa wai gyara ta yake yi. Yarinyar da aka yi wa haka ƙofa biyu ce ta rufe mata: ba ta iya faɗin fyaɗen, ba ta iya faɗin abin da ya kai ta. A Legas akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, tun 2013 take duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, mata da maza. Maganin kariya daga cutar HIV bayan fyaɗe kuwa cikin awa 72 ake fara shi, in an wuce an makara. 'Yan matanmu nawa suka san wannan?

Yanzu bari in zo kan masu tafi. In irin wannan bidiyo ya faɗo guruf, za ka ga ana turawa ana dariya, wani ya rubuta Allah ya ƙara, wani ya ce maganinsu ke nan. Ɗan'uwa, tsaya ka yi tunani. Me ka gani a bidiyon? Ka ga mutum tsirara, jini a baki, yana faɗin abin da aka ce ya faɗa. Wallahi in ƙarti huɗu suka rufe ka a ɗaki da adda, kai ma za ka amsa cewa kai ne ka kashe kakarka. Ba a buƙatar mutum ya taɓa shiga wata manhaja kafin a yi masa wannan. Ana iya kiran dillali a ce ga mai son shanu goma ya zo a yi magana, ana iya kiran ɗan acaba ya kai kaya, a rufe ƙofa, a kunna kyamara. Muddin jama'a na gaskata irin wannan bidiyo suna yaɗa shi, to makamin yana aiki a kan kowa, har limami.

Mu ne ya kamata mu fi kowa ƙyamar hukuncin titi. A ƙarshen Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah aka tare su, wani ya ce masu garkuwa ne, aka kashe su aka ƙona, ana ɗauka a waya. Ba a tambaye su shaida ba, ba a kai su gaban alƙali ba. Duk muka yi kuka muka ce ina doka. To wanda ya yi kukan Uromi da safe, da yamma kuma ya tura bidiyon wani da aka yi wa tsirara yana cewa ya yi daidai, ya sani cewa ƙa'idar da yake goyon baya ita ce ta cinye mafarautan: in taro ya yarda kai mai laifi ne, an gama.

Addinin da muke kafa hujja da shi ma bai ba da wannan ƙofa ba. A Suratul Hujurat an hana bin diddigin asirin mutane. Malaman fiƙihu sun tsaurara shaida a irin waɗannan laifuka har sai shaidu huɗu adilai da suka gani da ido, sun ce iƙirarin da aka karɓa da duka ba a gina hukunci a kansa, sun ce zartar da hukunci aikin alƙali da hukuma ne. Wanda kuwa ya tsare mutum da makami ya ƙwace dukiyarsa, sunan aikinsa hiraba, kuma hukuncinta na cikin mafi tsanani. Ɗan kito ba ɗan Hisba ba ne, ba ya neman kowa ya tuba. In abin ya ƙare a duniya gobe, shi ne zai fi kowa baƙin ciki don kasuwarsa ta mutu. Dattawan zango na da, da 'yan daudu ke tuya da sayar da abinci a bakin tasha, sun san abin da suka sani, suna yin nasiha in ta kama, amma ba su mai da tonon asiri sana'a ba.

Ban ce sarakunan Hausawa su kira taro a kan wannan ba, na san ba za a yi ba. Abin da nake gani mai yiwuwa ƙarami ne. Kusan kowace fadar Sarkin Hausawa da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa tana da lauyan da take kira in an kama mota ko an rufe shago. A sami mutum ɗaya mai riƙon amana da matashi zai iya zuwa wajensa ya ce an tsare ni an ƙwace mini kuɗi, ba tare da an titsiye shi da tambayar me ya kai ka ba, lauya ya shiga gaba a kai ƙarar garkuwa da ƙwace, a rubuta wa banki. Mai ƙara da lauya a gefensa daban yake da wanda ya shiga shi kaɗai yana rawar jiki. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a Legas kuma akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi kyauta. Masu kula da guruf-guruf na unguwa su ma suna da abin yi: duk wanda ya turo bidiyon tsiraicin wani a goge, a gargaɗe shi. Iyayen gida kuma su daina barin kuɗin shanu suna kwana a asusun yara, wannan ko ba kito ma ganganci ne.

Shi kuma wanda ya riga ya faɗa, abin da na gaya wa abokina shi zan maimaita: biya ba ya kashe maganar. Bidiyo ba saniya ba ce da in ka biya ka ja abarka ka tafi. Ka biya yau, yana nan a wayarsu da wayar abokansu, kuma ka nuna musu cewa rijiyar tana da ruwa.

Ban ba shi rancen ba. Na ce mu je wajen wani lauya da na sani, ya ce zai yi tunani. Bayan kwana huɗu aka wayi gari ya bi motar da ta sauke kaya ya koma Arewa, ya bar wa Alhajinsa saƙo cewa mahaifiyarsa ba lafiya, ya kashe layinsa. Alhaji har yanzu yana cewa yaron kirki ne, tsoron Legas ne ya kama shi tun abin 'yan wan-cans, kuma ya yafe masa rabin kuɗin. Hoton rasit ɗin taransfa guda uku da ya turo mini a daren nan yana wayata, da sunan mai asusun da sunan bankin. Na buɗe shi ya fi sau goma. Ba ni da ikon kai shi ko'ina sai da yardar mai shi, layinsa kuma har jiya da na gwada a kashe yake.